Kyanwar kasuwa za ta iya tsare mana dawa? Muhawara a zauren manoman Sudan

Manomin Maiwurno:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don tura ta kai bango. Bana Allah ya ba ni buhu 34 na dawa. Na jera su a ɗakin ajiyar bayan gida, ginin ƙasa ne da rufin kwano. Wata biyu ban taɓa na ƙasan ba. Shekaranjiya na zo fitar da biyar in kai kasuwar Sinnar, ina ɗaga na farko sai gindinsa ya ɓalle, dawa ta zube mini a ƙafa. Da na haska fitila sai ga ɓawon dawa tuli guda, ga kashin ɓera baƙi-baƙi kamar ƙwayar shinkafa, ga zarni. A lungu sun yi gida da zaren buhu, na ƙirga 'ya'ya tara jajaye, ido bai buɗe ba. Buhu bakwai suka huda, biyu daga ciki ko dabba ba zan ba ba.

Da can muna da kyanwa, shekara shida tana gidan nan, ban taɓa ganin irin wannan ba. Lokacin da muka fita saboda yaƙi ba mu samu ɗaukarta ba, da muka dawo babu ita babu labarinta. Gidajen da ke kewaye da mu har yanzu rabi ba kowa, ciyawa ta rufe tsakar gida. Ɗan ƙanwata da ke Jidda ya ce in je bayan mahauta in kamo kyanwoyin da ke yawo a can, in sake su a gida da gona. Shin akwai wanda ya taɓa gwadawa? Kyanwar da ba ta san mutum ba za ta zauna?

Ɗan Jidda:
Wa alaikumus salam Kawu. Ni na kawo shawarar, kuma ina nan a kanta. A nan unguwarmu kowane lungu da kyanwoyinsa, ba mai su, suna cin abin da aka zubar. Shagon da nake aiki na kayan abinci ne, akwai wata mai ruwan toka da ta maida bayan shagon gidanta, tun da ta zo muka daina samun buhun shinkafa a huje. Su a can bayan mahauta wahala kawai suke sha, kai kuma kana bukatarsu. Na ma ji a Amurka akwai masu tattara irin waɗannan kyanwoyin suna raba wa masu gonaki da masu rumbuna.

Baba na Kambo:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Abin da yaron nan ya faɗa ba sabo ba ne, haka muka taras da iyayenmu. Kakanninmu da suka taso daga yamma bayan yaƙin Burmi a 1903 sun zo da ginin rumbu irin na can, a ɗora shi kan duwatsu, ƙarƙashinsa fili, kyanwa na kwance a inuwar. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka ba ta abinci. Kyanwar da ta ƙoshi barci take yi. Ka bar ta da yunwa, ita za ta nemi abincinta a cikin ɓerayen.

Hajiya mai kaji, Gadarif:
Baba, a yi mini afuwa, ni na ɗanɗana wannan shawarar kuma ban ji daɗinta ba. Bara maƙwabcinmu ya kawo wani muzuru daga kasuwa, babba, kunne duk a yage, ya sake shi bai ba shi ko ruwa ba. Kwana goma na rasa 'yan tsaki 16 da tattabaru uku. Da idona na gan shi da asuba yana fitowa daga akurki da ɗan tsako a baki, uwar tana ta kururuwa. Ɓerayen kuwa suna nan suna sha'aninsu a ɗakin dusa. Kuɗin makarantar yarana a cikin kajin nan yake. Duk mai son kawo kyanwar titi ya fara tambayar matan gidan da na maƙwabta, don mu ne masu asara.

Baba na Kambo:
Wannan muzuru ne, Hajiya. Muzuru dama ɓarawon kaza ne. Mace ake nema.

Likitar dabbobi, Kasala:
Assalamu alaikum. Baba, ina girmama abin da ka gani a tsawon shekarunka, amma a maganar yunwa ba zan bi ka ba, kuma abin da ya samu Hajiya shi ne dalilina. Farauta a jinin kyanwa take, ba yunwa ce ke sa ta ba. Wadda ta ƙoshi ma in ta ga abu ya motsa sai ta daka masa tsalle, shi ya sa za ka ga ta kashe ɓera ta kawo ta ajiye a bakin ƙofa ba ta ci ba. Yunwa abu biyu take jawowa. Ko dai ta bar gidan ta koma inda ta saba samun abinci, ko kuma ta nemi abin da ya fi sauƙin kamu, kuma ɗan tsako ya fi ɓera sauƙin kamu nesa ba kusa ba. Mace da namiji duk ɗaya ne a wannan. Ga shi kuma wadda ta rame ba ta da ƙarfin zaman dako na awa biyu a bakin rami.

Kawu, amsar tambayarka ita ce za ta zauna, amma ba in ka sake ta ranar da ka kawo ta ba. Kyanwa wuri take riƙewa fiye da mutum. In ka buɗe buhu a tsakar gida, kafin ka ƙifta ido ta haura katanga ta kama hanyar mahauta, wata ta isa, wata mota ko kare ya gama da ita a hanya. Masu wannan aiki a Amurka da ɗanka ya ambata, abin da suke yi shi ne su tsare ta mako biyu zuwa huɗu a cikin keji babba, a daidai wurin da ake so ta tsare. A sa mata abinci a lokaci ɗaya kullum, mutum ɗaya ya riƙa kawowa yana yi mata magana don ta san muryarsa, a ajiye ruwa, da kwano mai yashi don bayan gida, da kwali ko tsohuwar tukunya da za ta ɓuya a ciki. Ranar da za ka buɗe, ka buɗe da yamma ka tafi abinka, ka bar kejin a wurin, ka ci gaba da sa abinci. In da hali ka ɗauko biyu waɗanda ka ga suna kwana tare, sun fi saurin natsuwa.

Ɗan Jidda:
Likita, mako huɗu a keji? Ba zalunci ba ne? Akwai fa hadisin matar da ta tsare kyanwa.

Ustaz na Sinja:
Madalla da ka tuna da shi, ɗan'uwa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim: wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Ka lura da inda laifin yake, tsarewa ce tare da hana abinci. Wanda ya tsare ta kwanaki don ta saba da gida, yana ba ta ci da sha da inuwa, bai shiga wannan ba. Ni a ganina wanda ya kamata ya ji tsoron hadisin nan shi ne wanda ya ɗauko ta daga inda take samun guntun hanji da ƙashi, ya kawo ta inda ba ta san kowa ba, sannan ya ce ba zai ba ta komai ba. Baba, ka yi haƙuri, ba raina maganarka nake yi ba.

Game da tsarkinta kuma, don na san wasu na ƙyamar ta kusanci hatsi ko ruwa, hadisin Abu Ƙatada da Imam Malik ya ruwaito ya nuna ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Ɓera kuwa yana cikin biyar ɗin da aka yi izinin kashewa ko a cikin Harami.

Baba na Kambo:
Ustaz, na ji. Amma mu ba mu taɓa dafa wa kyanwa abinci ba, kuma ba ta mutu ba.

Hajiya mai kaji, Gadarif:
Baba, ku ne ba ku dafa ba. Ka tambayi Inna wa yake zuba mata sauran tuwo da kanzo da kan kifi a bayan madafa. Kowace kyanwar gida akwai matar da ke ciyar da ita, maza ne kawai ba sa gani.

Muhandis, Madani:
Salamu alaikum. Na karanta duka, ina so in raba maganar gida biyu, don Kawu ya ce "gida da gona", kuma waɗannan ba abu ɗaya ba ne.

A ɗakin ajiya da tsakar gida kyanwa tana da amfani, ban musa ba. Asalin zamanta da ɗan Adam ma ke nan. Kyanwar gida daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ta fito, hatsin da manoman farko suka tara ya jawo ɓeraye, ɓeraye suka jawo ta. A tsibirin Kubrus an tono kabarin mutum da kyanwa a gefensa, ya kai shekara 9,500.

Amma a fili, a cikin hawasha, wato gonar noman ban-ruwa, ku cire rai. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Aikin noman Jazira, tun daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925 har zuwa faɗaɗawar Managil, ya haura faddan miliyan 2, kuma kowace tur'a, wato magudanar ruwa, da kowane ƙaramin reshenta da ake kira abu ishirin, bakinsa gidan ɓera ne. Iri biyu ne suka fi addabar gonakinmu. Akwai na ciyawa, mai kauri, wanda ake gani da rana yana bin hanyoyinsa a bakin tur'a, shi ke yanke alkama daga tushe. Akwai kuma mai nonuwa da yawa, na dare, wanda ke tone iri bayan shuka, rani ya yi ya shigo gida. Wannan na biyun macen tana iya samun nono har 24, cikinta kwana 23 ne ko kusa da haka, kuma ta kan zuba goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Kyanwa kuwa cikinta wata biyu ne, ta haifi huɗu ko biyar. Ku yi lissafin da kanku. Ba yadda za a yi ta cinye abin da ake haifa a faddan biyar.

Akwai bincike guda uku da nake so ku sani. Na farko tsoho ne, wani masani na Okusfod a Ingila, Charles Elton, ya buga shi a 1953 kan gonakin ƙasarsu. Abin da ya gano shi ne kyanwoyi ba sa iya kawar da ɓerayen da suka riga suka kafu a gini, amma in aka fara kawar da su ta wata hanya, kyanwoyin da ake ciyarwa suna iya hana su dawowa a kewayen ginin. Na biyu a Niyok aka yi, aka buga a 2018. Sun kafa na'urorin ɗaukar hoto a wani wurin tara shara mai cike da manyan ɓeraye da kyanwoyin titi, kwana 79. A duk tsawon lokacin sau biyu kacal aka ga kyanwa ta kashe ɓera. Ɓerayen dai sun rage fitowa fili, sun koma ɓuya, shi ya sa mutum zai ɗauka sun ƙare alhali suna nan. Na uku ya fi kusa da irin zamanmu, a ƙauyukan Suwazilan aka yi, aka buga a 2017, gidaje 40. Inda aka ga ɓeraye sun ja baya sosai da cin abinci shi ne gidajen da ke da kyanwa da kare tare, ba masu ɗaya kawai ba.

Ɗan Jidda:
Muhandis, to shagonmu fa? Da idona na ga bambanci.

Muhandis, Madani:
Na yarda da kai. Shagonku siminti ne, ƙofa ƙarfe, kuma ina zaton ƙananan kusu ne ke damunku, irin waɗanda ba su wuce babban yatsa ba. Waɗannan kyanwa tana gamawa da su. Wanda mutanen ƙasar nan ke kira jugur, ƙaton ɓeran nan, kyanwoyi da yawa kallonsa suke yi su kauce, don in ya cije ta a fuska ta san sauran. Gafiya kuwa ba a ma maganarta.

Manomin Maiwurno:
To Muhandis, a taƙaice in fasa?

Muhandis, Madani:
A'a Kawu, kada ka fasa, amma kada ka fara da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka fitar da buhunan duka waje, ka share ɗakin, ka bi gindin bango da fitila. Kusu yana kutsawa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba. Ramukan ƙasa ka cusa musu tsakuwa da fasassun kwalba ka shafe da siminti, laka kaɗai za su sake tonewa a dare ɗaya. Tsakanin bango da kwano ka sa ragar waya mai ƙananan ido. Ƙasan ƙofa ka buga mata falle na kwano. Buhunan kada su koma ƙasa, ka yi musu dandamali na katako, ka bar tazarar da mutum zai bi tsakaninsu da bango, ita ma kyanwar nan za ta riƙa sintiri. Ciyawar da ke kewaye ka nome ta, ko taku goma ne, ɓera ba ya son ratsa fili. Sannan tarko, da yawa a lokaci ɗaya, a jikin bango, ka sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, dare biyu na farko kada ka ɗana, su saba tukuna. Duk wannan kana yi kyanwar na cikin kejinta tana sabawa. Kafin ka sake ta an rage mata aiki.

In kuma dawar ta dogon ajiya ce, matmura, ramin ajiyar hatsi da mutanenmu na Gadarif da Sinnar suka sani, har yau tana aiki a ƙasar laka, in aka haƙa ta a tudu aka shimfiɗa ƙaiƙayi aka rufe da kyau.

Mai riɗi, Damazin:
Jama'a kuna ta dogon zance. Baƙar hodar nan da ake sayarwa a kasuwa, a kwaɓa da dakakkiyar dawa da ɗan mai, dare biyu an gama. Ni da ita nake aiki kowace shekara, da safe sai dai a kwashe gawa. Ko kuma ƙwayar gas, a jefa a cikin buhuna a rufe ɗaki.

Likitar dabbobi, Kasala:
Yaya, don Allah tsaya. Wannan ita ce maganar da na fi jin tsoro a duk zaren nan. Baƙar hodar zink fosfaid ce. In ta shiga ciki tana haɗuwa da ruwan ciki ta saki iska mai guba, kuma ba ta da makari. Ba ta san ɓera ba, ba ta san kaza ba, ba ta san akuya ba, ba ta san yaro mai rarrafe ba. Kyanwa ko kare in ya cinye ɓeran da hodar ke cikinsa shi ma yana iya tafiya. Ɗaya nau'in kuma, mai launi, wanda ke tsinka jini, ya fi wannan haɗari ga kyanwa, don ɓeran yana yin kwanaki yana yawo a galabaice kafin ya mutu, shi ne kuwa wanda kyanwa za ta fara kamawa, gubar kuma tana taruwa a hantarta. Wanda ya zaɓi kyanwa ya haƙura da guba a cikin gida, ya kuma sanar da maƙwabta.

Ƙwayar gas kuwa, wallahi kada wanda ya sa ta a ɗakin da ke jingine da inda mutane ke kwana. Iskarta tana ratsa tsagar bango, kuma ta sha kashe yara a cikin barci a ƙasashe da dama. Ta masu horo ce, don ƙwarin hatsi, a rumbun da ke nesa da gida.

Mai riɗi, Damazin:
Likita, ban san ta kai haka ba. Shekara biyu da suka wuce karen gonata ya mutu kwana ɗaya bayan na sa hodar, na ɗauka maciji ne. Amma a fili fa? Faddan 40 nake nomawa, tarko nawa zan ɗana?

Muhandis, Madani:
A fili in ta kama a sa, to a sa da ilimi: cikin bututu ko ƙarƙashin fasasshen tulu inda tsuntsu da dabba ba za su kai ba, da shawarar jami'an kare tsirrai, a binne gawar da safe. Kuma a bazara, kafin ruwan farko, lokacin da ɓerayen suka ragu suka taru a bakin ruwa ga yunwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yi tare. In kai ka sa maƙwabcinka bai sa ba, mako uku nasa sun cike gurbin naka. Gyaran bakin tur'a ma haka. Tun da aka bar gonaki da yawa ba noma saboda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ciyawar da ta tashi a bakin magudanan ruwa ta zama musu mafaka, mutum ɗaya ba zai iya da ita ba.

Akwai kuma mai farautar da ya dace da fili fiye da kyanwa, na san wasu ba za su so jin sunanta ba: mujiya, farar nan mai faffaɗar fuska. A kwarin kogin Urdun tun shekarun 1980 manoman Isra'ila suka fara kafa mata akwatuna a kan sanduna a tsakiyar gona, daga baya manoman Urdun da na Falasɗinu suka shiga. Mace da namiji da 'ya'yansu suna cin ɓeraye dubbai a shekara, kuma ba ruwansu da hatsi.

Baba na Kambo:
A'uzu billahi. Mujiya a gonata? In ta yi kuka a kan gida kowa ya san abin da ake cewa.

Ustaz na Sinja:
Baba, abin da ake cewar ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore. A hadisin da ya hana camfi ya ambaci "hama", kuma malamai da yawa sun fassara ta da mujiya, don Larabawan jahiliyya ma haka suke ɗaukar kukanta. Tsuntsuwa ce kamar sauran tsuntsaye, dare Allah ya ba ta ta nemi abincinta. Ko ba a kafa mata akwati ba, aƙalla a hana yara jifanta.

Baba na Kambo:
Allah ya gafarta mana. Jifa dai zan hana. Akwati kuwa sai in mai gonar kusa da ni ya fara.

Hajiya mai kaji, Gadarif:
Ni har yanzu ba a amsa mini ba. In Kawu ya kawo mata biyu, baɗi warhaka sun zama nawa? Sa'annan wa zai ciyar da ashirin? Ƙarshenta a akurkina za su ƙare.

Likitar dabbobi, Kasala:
Tambayarki ita ce mafi nauyi, Hajiya. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Mafita ta gaskiya ita ce tiyata: a fiɗiye namiji, mace a cire mata mahaifa. Na namiji aiki ne na mintoci, kuma yana rage masa yawo da faɗa da fitsari a jikin buhu. Amma likita ne zai yi da allurar barci, kada wani ya ce zai dandaƙe shi kamar bunsuru. Na san a halin da muke ciki ba kowane gari ake samun mai yi ba. In babu, to Kawu ya tsaya a kan ɗaya ko biyu, ya kuma san tun yanzu gidajen da za su karɓi 'ya'yan bayan sun yi wata biyu da uwarsu.

Yawan 'ya'yan yana da wata illa da masu awaki da tumaki ya kamata su sani. Akwai wata ƙwayar cuta, toksofilasma, da kyanwa ke ɗauka daga ɓera ko ɗanyen nama ta fitar a kashinta. Yawanci ƙanana ne ke fitarwa, na mako ɗaya zuwa uku bayan kamuwar farko, amma ƙwayoyin suna yin watanni a raye a ƙasa mai laima. In kashin ya shiga dusa ko harawa, akuya ko tunkiya mai ciki ta ci, tana iya yin ɓari. Mace mai juna biyu ma tana iya kamuwa ya taɓa jaririn. Don haka a rufe dusa, a ajiye wa kyanwar yashi a wuri guda tun tana keji don ta saba, a riƙa kwashewa kullum, don sai kashin ya kwana ɗaya ko fiye yake zama haɗari, kuma mai ciki kada ta yi wannan aikin.

Sai wajen kamu. Kawu, kada ka sa hannu, kada ka tura yara. A sa abinci a cikin keji a ja ƙofa da igiya daga nesa. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu kuma kyanwa tana ɗaukarsa. Wadda ka ga tana dalalar da miyau, ko tana tangaɗi, ko tana afka wa mutane ba dalili, ku nisance ta. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada a jira a ga alama. In an samu allurar rigakafi a yi wa kyanwar.

Hajiya, ke kuma ragar waya a akurki, a rufe 'yan tsaki har su yi wata biyu. Kazar da ta girma kyanwa ba ta cika kulawa da ita ba.

Ustaz na Sinja:
Kan fiɗiyar, don kada wani ya ji nauyi a zuciyarsa: malamai sun yi saɓani, amma da yawa sun sauƙaƙa in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Ya fi a bar su su yi ta haihuwa sannan a zuba 'ya'yan a buhu a jefar a bola, wanda dukkanmu mun sha gani.

Manomin Maiwurno:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Na ga aikin ya fi yadda na zata. Gobe in sha Allahu zan fara da fitar da buhuna. Zan dawo muku da labari.

Manomin Maiwurno:
Assalamu alaikum. Yau kwana 26 da maganarmu. Ramuka 11 na samu a gindin bango, ɗaya har hannuna ya shige zuwa gwiwa. Na toshe su yadda Muhandis ya ce, na yi dandamali da tsoffin azara. Tarko takwas na ɗana, a mako biyu suka kama 31, yanzu sai a kwana uku ba a kama ko ɗaya ba.

Kyanwoyi biyu na samo a bayan mahauta, wani mai yanka ya taimaka mini, ya ce uwa ce da 'yarta. Ranar ta huɗu ƙaramin ɗana ya buɗe kejin zai ba su ruwa, 'yar ta kuɓuce ta haura katanga, ba mu sake ganinta ba, na koma mahautar sau biyu ban same ta ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na raba ta da inda ta sani. Uwar kuwa, baƙa ce mai farin ƙirji, mako na farko ko kallona ba ta yi, tana cikin tukunya sai idanu. Uwargida ce ke kai mata abinci bayan la'asar, kan kifi da sauran tuwo. A kwana na 21 muka buɗe. Dare biyu ba mu gan ta ba amma kwanon na wayewa a share. Jiya da asuba na fito alwala na same ta zaune a kan buhun sama, ga kusu biyu a ajiye a bakin ƙofa. Har yanzu ba ta yarda a taɓa ta. A rufin kwano kuma ina jin motsi da dare, ban gama sa ragar ba.

Hajiya, na rufe 'yan tsakinmu, na kuma je gidan maƙwabciyarmu da kaina na faɗa mata, na ba ta ragowar ragar.

Likita, idonta na hagu yana ruwa tun shekaranjiya, da safe sai ya manne. Uwargida ta ce a daka mata rabin ƙwayar ciwon kai a cikin abinci. Na ce bari in tambaye ki tukuna.

Likitar dabbobi, Kasala:
Alhamdu lillahi da ka tambaya, Kawu. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Haka albasa da tafarnuwa, a riƙa tsame mata tuwon kafin a zuba miya. Tunda ba ta bari a taɓa ta, kada ku kama ta da ƙarfi, za ta gudu. Ku duba ko tana atishawa, ko hancinta na zuba, ko ta rage cin abinci. Ka ɗauko mini hoton idon da rana, daga kusa iya yadda ta bari, ka turo mini ta akwatin sirri yau kafin magariba.